Ƙarfen Pa Mouelle

Litinin, 7 ga Yuli

Takarda ta fito. Mutum uku za su wakilci 'yan sandan Duwala a gasar harbi ta Yawunde. Maza biyu an riga an zaɓe su, saura gurbin mace ɗaya, mu biyu muke nemansa, ni da Tchinda. Ranar 2 ga Agusta za a raba mana gardama: harsashi sittin, mita ashirin da biyar, hannu ɗaya.

Shekarata arba'in da huɗu. Baɗi na wuce shekarun shiga. In ban je bana ba, shi ke nan.

Kuma kowaccenmu za ta rubuta lambar bindigar da za ta yi harbi da ita kafin 26 ga wata. Bayan nan ba canji. Tawa dai ta aiki ce, mai jikin roba, sakayau kamar kofin shan ruwa. Shekara shida tana ƙuguna ban taɓa sonta ba. Kowane harbi sai ta zabura sama, sai na sake nemo saiti.

Laraba, 9 ga Yuli

519 cikin 600. Tchinda 531, da irin robar tawa, tana taunar cingam. Ta ce, "Yaya Endallè, ki bar mini Yawunde mana, zan kawo miki tsaraba." Na yi dariya don kada a ce.

Asabar, 12 ga Yuli

Yau na ga abin da dole in rubuta kafin ya dusashe a kaina.

Pa Mouelle ya zo filin harbi. Shi ya koya wa rabin masu koya mana, ya yi ritaya tun ina kurtu. Ya haura saba'in. Aka ba shi kofi a ƙarƙashin rumfa, hannunsa na rawa har yana ɗiga a wando. Na kau da kai, tausayi ya kama ni.

Sai ya sa aka buɗe masa akwatinsa na ma'ajiyar makamai. Ya warware wani tsumma mai maiƙo, ga bindiga, ƙarfe zalla daga baki har mariƙi, baƙa mai sheƙin shuɗi. Ya tsaya a layi, hagunsa cikin aljihu, ya ɗaga ta. Rawar ta tsaya. Na rantse da idona na gani. Hannun nan da ya kasa riƙe kofi ya tsaya cak kamar an dasa shi. Biyar ya harba, ba gaggawa. Ruwa na dukan kwano amma ni ban ji shi ba sai daga baya.

Da aka kawo takardar da ya harba, huda ɗaya ce, ta ɗan yi faɗi kawai. Tsigar jikina ta tashi. Tchinda ma ta daina tauna.

Ya ajiye bindigar, hannun ya koma rawarsa.

Lahadi, 13 ga Yuli

A coci ma hannun nan nake gani. Allah Ya yafe mini, ban san abin da fasto ya karanta ba.

Talata, 15 ga Yuli

Na cire kunya na roƙe shi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya harba ta sai ni. Matata ma, Allah Ya ji ƙanta, sai dai ta harare ta."

Na ce to Pa, na gode. Na juya.

"Ke! Wa ya sallame ki? Miƙo hannu."

Nauyi! Ta kusa ninka tawa biyu. Amma da na ja kunamar, ba ta zabura ba, sai ta ɗan turo tafin hannuna ta koma inda take. Kunamar ma ba a janta, kusantarta ake yi ta tashi. Goman farko na ci 96. Ban taɓa ganin 96 da sunana a kai ba. Na tsaya ina kallon takardar, idona ya kawo ruwa, mace da girmana.

Ya ce in yi ta gwaji da ita, amma a akwatinsa za ta riƙa kwana. Ya bar wa mai ma'ajiya sallahu.

Alhamis, 17 ga Yuli

Sittin cur da ƙarfen. 95, 94, 93, 88, 81, 74.

Kafaɗa. Tun faɗuwar da na yi a babur a Ndokoti shekara uku da suka wuce. Daga harsashi na arba'in sai bakin bindigar ya fara sunkuyawa, ina ɗagawa yana sunkuyawa. Jimla 525. Ya fi na robar, bai kai na Tchinda ba.

Mijina Ebongué ya gasa mini kafaɗar da ruwan zafi yana mita. "Kin auri ɗan sanda ne ko kin auri bindigar tsoho? Miyar ndole ta huce tun ɗazu." Na ce ai ni ce 'yar sandan, shi malamin makaranta. Ya ce to shi ya sa yake ganin lissafin da ba na gani: 74 ba ta kai mutum Yawunde.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na sake. 97 a goman farko! 72 a na ƙarshe. An kira mu aikin gaggawa a tashar jirgin ruwa, na tura ta akwati na fita a guje.

Litinin, 21 ga Yuli

Na shiga uku.

Ban goge ta ba ranar Juma'a. Tawa haka nake jefa ta ma'ajiya da guminta da komai, ba abin da ke samunta, ko samanta da yake ƙarfe an shafe shi da abin da tsatsa ba ta ci. Hannu ya saba. Kwana uku ana zuba ruwa, bangon ma'ajiyar har tsatsafo yake.

Na buɗe akwatin. A gefen hagu, inda babban yatsana ke zama, ga shatin yatsan nan ja-ja-jur, da layukansa duka, kamar wanda muke ɗauka a wurin ɓarayi. Na goga da mai har tsumman ya yage. Jan ya fita, amma shuɗin ya tafi da shi. Tabo fari-fari, yatsana sak.

Shekara arba'in da ɗaya a Duwala ba ɗigon tsatsa. Ni kwana shida.

Talata, 22 ga Yuli

Na kai masa labari har gida, Bonaberi, kafin wani ya riga ni. Na tarar da shi yana ɓare gyaɗa, rabi na zubewa ƙasa. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa, har na so ya zage ni.

"Akwai masu irin wannan gumin," ya ce. "Gishiri ya yi musu yawa. Tashi, 'yata, kina ɓata kakin gwamnati."

Sai ya tambaye ni makin kowane goma. Na karanto masa. Ya ce, "Kin san me ya sa na riƙe ƙarfe? Tun ina saurayi hannuna ke rawa, gadon gidanmu ne. Nauyin ne ke danne shi. Ke hannunki ba ya rawa. To me kike dannewa?"

Na ce Pa, 97 fa.

"Na ji. Gasar harsashi goma ce?"

Ya ba ni gyaɗa a leda, ya ce bindigar tana nan in ina so, tabo ba ya canza saiti.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na jera su biyu a kan benci ina kallo kusan rabin awa. Ɗaya kamar abin da aka ƙera don a gada. Ɗaya kamar abin wasan yara. Tchinda ta wuce ta ce, "Yaya, ba sa magana fa. Na gwada."

Daga baya na tsaya bayanta ina kallon harbinta, abin da girman kai bai taɓa barina na yi ba. Robar na zabura a hannunta ita ma. Ba ta kokawa da ita. Tana barinta ta tashi, ta dawo da kanta, sannan ta ja. Goman farko 88, na ƙarshe 89. Yarinyar nan ta iya, in faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa.

Asabar, 26 ga Yuli

Na rubuta lambar robar. Hannuna ya yi nauyi a kan biron. Na goge ƙarfen sau biyu, na shafa mai, na naɗe, na rufe akwatin.

Laraba, 30 ga Yuli

528. Kafaɗa shiru. Zuciya ba daɗi.

Asabar, 2 ga Agusta

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Ruwa ya ɗauke da hantsi, filin na tururi. Tchinda a layi na biyu, ni a na huɗu. Pa Mouelle a bayanmu kan kujerar roba, da lemarsa tsakanin gwiwoyi. 87, 88, 88, 89. Ba yabo ba fallasa. Na san Tchinda tana gabana da kaɗan, daga yadda take busa cingam.

A goma na biyar, harsashi na uku ko na huɗu, wani abu ya sauka. Na ɗaga hannu, sai komai ya yi tsit. Ban ji harbin Tchinda ba, ban ji kafaɗa ba, ban ma ji na ja kunama ba. Bindigar ta tashi da kanta, ta zabura, ta dawo daidai inda na bar ta. Na sake. Haka. Na sake. Irin tsit ɗin nan na ranar da na fara riƙe ƙarfen, wanda na ɗauka a cikin ƙarfen yake zaune. Ga shi a cikin kofin shan ruwana. Tsoro ya kama ni, na gaske, irin wanda ke kama mutum in ya shiga coci ba kowa. Na ce a raina kada ki duba, kada ki ƙirga, ɗaga kawai.

94. Sannan 95.

541. Tchinda 536. Ta rungume ni tana kuka tana zagina, wai tsohuwa mayya, in ban kawo mata tsaraba ba in nemi wata unguwar. Na zauna a kan akwatin harsashi ina kallon tafin hannuna kamar na wani.

Talata, 5 ga Agusta

Pa Mouelle ya kira ni ma'ajiya. Ya riga ya cike takardun mallaka, saura sa hannuna. Ya ce likita ya ce idonsa na dama ya kusa tafiya, ranar 12 ga Yuli ne harbinsa na ƙarshe, ya sani tun a ranar. A Yawunde za a sake rubuta lamba, in je da ita. "Ai kin riga kin sa mata hannu," ya ce, yana nuna tabon yana dariya.

Da sati uku da suka wuce ne, da na taka rawar murna ko a gaban kwamishinanmu ne.

Na ce Pa, kafaɗata ba za ta iya ba. Ya dube ni da idon da ke gani, ya daɗe. Ya ce, "Haka ne, kafaɗa." Ya shiga naɗe ta, tsumman na kuɓuce masa, sau uku. Na so in taya shi, na tuna gumina, na mai da hannuwana baya.

Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da tasi.

Kafaɗar ba ta yi mini ciwo ba tun Asabar.