Gefen Takardar da Na Datse

Highbridge, Bronx
4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Nimatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya yara da mutanen Damagaram? Na zaɓi takarda ne don bangon ɗakinmu kamar zana yake, in na yi miki saƙon murya Adjara, abokiyar zamana, za ta ji.

Tsohuwar Bafaranshiyar nan da muke jinya ni da Adjara ta rasu. 'Yarta ta ce Madam ta bar wa kowaccenmu zane ɗaya. Yaya, shekara huɗu ni ce mai kwana biyar a sati, ni ce wanka, ni ce kwasar ƙazanta. Adjara Asabar da Lahadi kawai take zuwa, su zauna suna zuba Faransanci suna dariya. Amma ita aka ba babba, mai gada da kogi. Nawa bai fi tafin hannu biyu ba, wasu kwale-kwale ne baƙi ƙirin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na yi godiya, amma wallahi abin ya tsaya min a rai.

Kin san ni da tsabta. Gefen takardar ya yi jaja-jaja, ga wani jagwalgwalon fensir a ƙasa. Na sa almakashi na datse shi tas, na saya masa firam mai ruwan zinare. Nata yana nan cikin kwali a ƙarƙashin gado.

A gaida kowa. Ƙanwarki,
Hasiya

29 ga Maris

Yaya Nimatu,

Ina gaishe ki da iyali, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Ni kam lafiyar jiki kawai gare ni.

Na kai zanena wani shagon tsofaffin zane-zane a Manhattan, Adjara ba ta sani ba. Mai shagon ya duba da tabarau, sai ya dafe kai. Ya ce aikin wani Bafaranshe ne da ya mutu fiye da shekara ɗari. Da allura yake karce farantin tagulla, ya zuba irin ruwan batir ya ci wurin, ya shafa tawada ya danna a takarda, kuma 'yan kaɗan yake bugawa. Ashe jagwalgwalon fensirin nan sa hannunsa ne. Masu tara irin waɗannan kaya shi suke saye, shi da gefen takardar, har tsufan ma so suke yi. Ya ce da hannuna na kashe nawa.

Na kwatanta masa na Adjara. Ya miƙe tsaye, ya ce shi ma aikin mutumin nan ne, in dai gefensa na nan, in kawo gobe. Kuɗin da ya ambata ya isa kujerar Makka biyu, ita kuwa shekara shida tana zubin adashi don ta kai mahaifiyarta aikin Hajji, tsohuwar kuma ƙarfinta na tafiya.

Na dawo na tarar tana tuƙa mana tuwo tana 'yar waƙarta. Na zauna na ci, ban faɗa mata ba. Adjara ce Madam ta so, ita ta samu babba, yanzu kuma ita ce da Makka, ni da almakashi. Hassada ce, Yaya, na san sunanta. Ki yi min addu'a.

Taki,
Hasiya

17 ga Afrilu

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki ba yara su karanta miki.

Ranar Lahadi Adjara ta fito da nata. Ta ce kullum tana kallon nawa a bango tana sha'awa, har ta sayo firam irinsa, amma takardar ta fi ƙarfinsa. Ta roƙe ni aron almakashi. Na ce ban san inda na sa shi ba. Ta ce yana kan tagar kicin. Na je na ɗauko, na miƙa mata.

Hannunta ba ya yanka daidai, sai ta ce in riƙe mata. Na riƙe, Yaya. Ina ganin sa hannun mutumin nan ya faɗi a kan tabarma, ta share ta kai bola. Na ɗauka zuciyata za ta yi sanyi. Har yau ba ta yi ba.

Ta rataye su gefe da gefe. Duk wanda ya shigo sai ta ce masa Hasiya ce ta nuna mata dabara, Hasiya ta fi mata 'yar'uwa ta ciki ɗaya. Jiya ta kira mahaifiyarta a Maraɗi, ina zaune. Ta ce mata adashin bai kai ba, bana ma babu kujera, sai baɗi in da rai da rabo. Tsohuwar ta ce a ba ni waya, ta yi ta sa min albarka don ina riƙe mata 'ya da amana. Na ce amin.

Ki tambayar min Malam, ba tare da kin faɗi sunana ba, ko irin wannan yana yafuwa in mai haƙƙin ba ta sani ba.

Ƙanwarki mai neman addu'arki,
Hasiya