Aksul Ɗin Tšeliso

Zuwa ga yayata, Ausi Mpolokeng,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya aikin masaƙa a Maseru? Dusar ƙanƙara ta kashe mana netwok a Mokhotlong, shi ya sa kika ga takarda. Ni da biro, abin dariya!

Albishirinki, Ntate, babanmu, ya yarda. Ya ce ranar da Tšeliso ya kawo ragowar shanun aurena, ranar za a sa biki. Sai dai angon nawa ya sayar da biyu a ciki, ya sa wa a-kori-kurarsa sabon aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya. Wai irin wanda in taya ɗaya ta fara santsi, sai ya tura ƙarfin ga ɗayar, su ja tare. Ya ce da motar zai yi ta jigilar gashin tumaki duk sanyin nan, yayin da sauran motoci ke kwance, ya mayar da shanun har da riba. Na ce to, ni dai ba aksul zan aura ba. Ya ce in bari, kaina duk bidiyon waya ne.

Ki gai da yara.

Ƙanwarki,
Relebohile

Ausi,

Ina fata kuna lafiya. Mu nan sai a hankali.

Kin san buhunan yashin da kowane direba ke ɗaurewa a bayan mota don tayoyi su kama ƙasa? Tšeliso ya sauke nasa, wai na tsofaffi ne. Makaniken nan, dattijo Khoabane, ya bi shi har bakin titi yana cewa, yaro, abin nan a laka yake aiki. A kan ƙanƙara in taya ɗaya ta zame, ɗayar ce ke riƙe ka, naka kuwa tare za su zame. Tšeliso ya yi dariya, ya kira shi kakan jakuna.

Ranar Talata, a kwanar da ke saman rafi, ya taka mai, bayan motar ya juya kamar tsintsiya, sai cikin kwari. A kan doki makiyaya suka fito da shi, ƙafa a karye.

Na yi kuka har idona ya kumbura, Ausi. Na tuƙa tuwon masara, na tafi asibiti a ƙafa, yatsuna kamar ba nawa ba don sanyi. Yana ganina, ko sannu da hanya babu, sai tambaya wai an duba aksul ɗin, bai fashe ba? Wai in netwok ya dawo in ɗora hoton aksul ɗin a shafina, ko za a samu mai saye.

Ntate ya ce ba shanu ba biki, sai dai a jira wata shekarar. Shi ya ce a jira. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma ban ce zan jira ba. Ki tambayar min ko ana ɗaukar sababbin ma'aikata a masaƙarku.

Taki,
Relebohile