Mai Goyo a Gidan Sauro

Zuwa ga maigidana, Mas Sarmidi,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya aikin kwakwar manja, yaya ciwon bayan? Mu nan lafiya lau, sai dai shinkafa. Wereng sun sauka, ƙwarin nan masu tsotse kara har gona ta bushe. Ka san in ta lalace sai ka ƙara shekara a Malesiya, ni kuwa na gaji da hira da hotonka.

Babanka ya saɓo tankin feshi, na tare ƙofa. Bu Lastri, malamar gona, ta nuna mana wani gizo-gizo a gindin shinkafa. Ba dangin masu saƙa ba ne, danginsa mafarauta ne. Da ƙafa yake bin wereng, har kan ruwa gudu yake, shi ya sa ake ce masa kerkeci. Shi gizon ne feshi yake fara kashewa, ƙwari su dawo ba mai tare su.

Baba ya ce, "Ke Ngatini, gizon da ko saƙa bai iya ba, wannan malalacin ne zai ciyar da mu?"

Sai na dasa shinkafa a tukunya, na zuba wereng da gizo ɗaya, na lulluɓe da gidan sauronmu. Yi haƙuri, yanka shi na yi. Baba ya ce zai ɗan jira.

Taka,
Ngatini

Mas Sarmidi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, albishirinka!

Baba ya zauna gaban tukunya don ya yi mini dariya, sai ga shi kofinsa ya huce bai kurɓa ba, yana ta "Kama shi! Yawwa!" Ashe gizon mace ce. Akwai wani farin ƙulli da take ja, ƙwai ne a ciki. Ranar da ya fashe, 'ya'yan suka haye bayanta cunkus, ita kuwa ba ta fasa farauta ba.

Ya ƙwala mini kira: "Zo ki gani, goyo take yi! Haka marigayiya matata take dashen shinkafa da Sarmidi goye a baya." Ya share ido, ya rataye tankin. Da hannunsa ya mayar da ita gona.

Jiya muka gama girbi, buhuna har baranda. Yanzu Baba yana shagon kofi yana cewa dabararsa ce, na bar masa. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya.

Ka ajiye lauje ka dawo gida. In za ka taho, ka sayo gidan sauro mai cin mutum biyu.

Taka har kullum,
Ngatini