Fatun surukina

Daren Talata, watan Safar

Yau alƙali ya ce laifin a wuyana yake, ba na ƙungiya ba, tunda ni ne shugaban masu fata na Ƙofar Kware, ni na buga hatimi bisa ɗaurin fatun da muka kai ma kamfani. Baturen kamfani ya tarar an shanya fatun surukina, Baba Umaru, a ƙasa, rana ta ƙona su, sai ya maido da kayan kowa.

Na kowa na duba, har da shinshinawa. Amma wa ke kwance kayan surukinsa gabansa? Kunya ta sa na ci amanar jama'a. Ni da na faro sana'ar ga da jakin aro har na zama shugaba, gobe zan miƙa hatimi.

Ɗazu Baba ya aiko: "Ku ce ma yaron ga, ai da ya duba."