Wa Ya Sayo Kwakwar?

Kuwait, 9 ga Maris

Akka Poongodi, babbar yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya yara, yaya ƙafar mijinki? Ni lafiya lau, sai dai hannuwana sun tsattsage da wanki, kuma uwar gidan da nake wa aiki ta ƙi ba ni fasfona. Kada ki damu.

Na yi waya da lauya a Madurai kan rasuwar mahaifinmu. Na gaya masa Appa yana fama da kansar huhu, amma yana cin wainar idli biyu kullum, yana tambayata. Na gaya masa yadda yayanmu Velusamy ya shafe shi da mai, ya yi masa wanka da ruwan sanyi da asuba, ya ɗura masa ruwan kwakwa har zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana biyu.

Lauya ya ce, "Kisa ne a doka, ko da saura masa mako ɗaya. Amma an ƙone gawa, likita ya rubuta ciwo ne. Ina shaidarki?"

Velusamy kuwa cewa ya yi, "Ke da ba ki taɓa wanke masa kashi ba, kya koya mana tausayi?" Har yanzu abin yana cin raina.

Ban da shi, ke kaɗai kike gidan ranar. Lauya ya tambaye ni wanda ya sayo kwakwar, na ce ban sani ba. Akka, na sani. Ki rubuto mini kafin ya sake tambaya.

Allah ya tsare yaran.

Ƙanwarki,
Ilavarasi