Ƙyallen Rediyo a Kan Kwantirola

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya yara, ya ƙarin haƙurinmu?

Kin tuna ƙyallen da na saƙa wa rediyonmu a Fagge, shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa? Shi nake rufa wa kwantirolar sola, akwatin da ke kula da cajin batir. Shekaranjiya ta yi zafi, wuta ta ɗauke, na tsorata kada batirin da maigidana Malam ya bari ya lalace.

Abokinsa Oga Emeka ya zo daga Sabon Gari ya gyara, ya ce, "Hajiya, wannan ba rediyo ba ce, iska take so! Marigayi kullum a ɓoye yake cire ƙyallen nan, wai kada ranki ya ɓaci."

Yaya, shekara uku bai taɓa faɗa mini ba.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida Baba Modu.

Ƙanwarki,
Hauwa