Fim Ɗin da Ke Ƙasan Jeri

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya sanyin can? Mu nan da sauƙi. Takarda na zaɓi in rubuto maka saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, da na fara magana sai ka ce ana kiran ka.

Kwalin ya iso. Faya-fayai ashirin da shida, kowanne da hoton ƙaton dodon nan na Japan yana taka gidaje, kuma ko harafi ɗaya ba na iya karantawa a jikinsu. Na ga jerin da ka buga ka saka a ciki, ka sa wa biyar na sama tauraro, sauran ka ce ɓata lokaci ne. Sannu da ƙoƙari. Amma Yaya, ko dai ban yi maka bayani da kyau ba, ko kuma ba ka saurara ba, kuma na fi zargin na biyun.

Bari in sake. Likita ya ce idon Baba na hagu ya tafi. Na dama kuma tsakiyarsa ce ke dushewa, gefe-gefe ne ya rage, kuma nan da wata biyu zuwa uku ƙila ba zai gane fuska ba. Da muka dawo daga asibiti na tambaye shi abin da yake son gani tun da sauran dama. Na ɗauka jikoki zai ce. Sai ya ce fim ɗaya yake nema cikin waɗanda ya haska a shekara talatin da ya yi yana aikin majigi a tsohuwar sinima. Ɗaya tak, ba mafi kyau ba. Bai san sunansa ba. Abin da ya riƙe shi ne dodon ya fara rushe gari, ya koma teku, sannan a ƙarshe ga gari nan tsaye cif, kuma matar nan mai riga ɗige-ɗige da gada ta faɗa wa ta dawo tana shanya a bayan gidanta.

Duk da haka na fara da lamba ɗayanka, baƙi-da-farin nan. Gaskiya ya yi kyau, har na yi ƙwalla wurin da aka jera mutane a ƙasa a asibiti. Baba kuwa minti goma ya ce ba shi ba ne. Abin da ya fi ba ni haushi, ko tsakiyar allon ba ya kallo, kusurwar sama ta dama ya zuba wa ido. Wai a can wani ɗigo yake bayyana idan naɗin fim ya kusa ƙarewa, shi ne alamar mai majigi ya kunna ɗaya na'urar. Ya ce haka ya yi aikinsa, idonsa na kusurwa, labarin kuwa sai abin da ya tsinta. Ka ji mutumin da muke dogara da shi ya gaya mana fim!

Idonsa ba ya jure fiye da awa ɗaya, don haka fim ɗaya kwana biyu yake cin mu. Ka lissafa da kanka, kusan duk lokacin da ya rage masa zai tafi. Shi ya sa na ɗauki ƙaramar na'urar kallon faifai na kai shago, ina taka keken ɗinki ina kallo da sauri-sauri. Jiya garin kallon dodo na ɗinke bakin aljihun wata kwastoma.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara. Baba yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta


Yayana,

Sallama da gaisuwa. Da fatan ka tashi lafiya, kuma murar da aka ce ƙaraminku yana yi ta sake shi. Na ji saƙon muryarka, na minti ɗaya da rabi, inda ka yanke hukunci cewa tsufa ne ya haɗa wa Baba fina-finai biyu a ka. Daga nesa abin yana da sauƙin faɗa.

Na gama su. Duka ashirin da shidan, Yaya, cikin kwana goma sha bakwai. Yanzu ko rufe ido na yi sai in ga sojoji suna harbin abin da harsashi bai taɓa yi wa komai ba. Tun fim na farko ba su koyi darasi ba, kullum sai sun sake fito da tankokin. Tunda kai mai son jeri ne, ga nawa. Na farkon ya cancanta, a nan mun yi daidai. Wanda aka yi a tsibiri da ƙatuwar katantanwa, da ka jefa can ƙasa, ya fi biyu daga cikin taurarinka, don aƙalla mutanen ciki suna magana kamar mutane. Waɗanda wasu masu tufafin azurfa suke saukowa daga sama kuwa, guda shida ne amma labari ɗaya ne, hula kawai suke canzawa. Lamba ukunka da ka yaba, rabinsa taro ne a ofis, maza sun kewaye tebur suna nuna taswira da sanda. Ban san me ka gani a ciki ba.

Matar mai riga ɗige-ɗige na same ta. Ka san ina? A na ashirin da shida, na ƙasan jerinka, wanda ka rubuta wa a gefe cewa in ga dama in jefar. Wanda dodon yake kokawa da wani ƙaton kwaɗo. Ban ga laifinka ba, don ni tela ce, zif ɗin bayan rigar robar kwaɗon na gani ƙuru-ƙuru, kuma ɗinkin ko ɗan koyo ba zai yi shi ba. Gidajen kwali ne, ana taka su suna lanƙwashewa. Amma matar tana ciki. A farko tana shanya, a tsakiya gada ta faɗa mata, shi ke nan. Ba ta dawo ba. Dodon ya shige teku, rubutu ya fito, fim ya ƙare a kan kufai.

Na kai wa Baba na nuna masa ƙarshen. Ya gane kwaɗon, har ya gyara zama. Da rubutu ya fito allo ya yi baƙi sai ya ce an yanke, masu faifan sun cuce mu, saura naɗi guda. Na ce babu saura. Ya ce shi da ya haska shi zan gaya wa? Ya tuna mini, kamar yadda ya saba tun muna yara, cewa shekara talatin bai taɓa kuskure a ɗakin majigi ba. Ni kuma gajiya ta sa na ce masa matar ta mutu, wanda ya mutu kuma ba ya dawowa shanya, ya bar wahalar da ni.

Yaya, da na san haka fuskarsa za ta yi da na haɗiye maganar. Ya juya wajen kujerar Mama, wadda tun rasuwarta, shekara huɗu ke nan, ba ya bari a matsar da ita daga bakin taga. Ranar bai ci abinci ba. Washegari da safe ina kallon sa ya tsiyaya shayi a gefen kofi, yana ta zubawa a tebur bai sani ba.

Haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, naka kuma ya fi duka. Kwali ba ya zama kusa da mutum. Yaushe za ka zo? Kada ka ce mini sai ka duba.

A gaida mutanen gida.

Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka karanta har ƙarshe.

Ranar Talata Baba Tikiti ya zo duba Baba. Ka tuna shi, siririn nan da yake zama a tagar sayar da tikiti yana ba mu alewa. Da na raka shi ƙofa na yi masa ƙorafin fim ɗin. Mutumin nan ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya ce Baba bai rikice ba, haka fim ɗin ya fita a sinimarsu, sau ɗaya tak. A makon farko da aka bar Baba shi kaɗai a ɗakin majigi, fim ɗin ya zo a gwangwani biyar, lambobin jiki duk da rubutun Japan. Baba ya ji kunyar tambaya. Ya jera su yadda ya ga dama, gwangwanin farko ya koma ƙarshe. Sunayen da ke buɗe fim ya ɗauka na rufewa ne. Jama'a suka ga dodo ya rushe gari ya tafi, sannan ga gari lafiya lau, ga kasuwa tana ci, suka yi ta tafi wai an sake gini.

Mutum ɗaya ce ta gane. Wata budurwa mai koyon ɗinki, da ta lura rigar ɗige-ɗigen da ta yage a ƙarƙashin gada ta dawo sabuwa ba ko faci. Ta hau matakalar nan ta ƙarfe har ɗakin majigi ta wanke Baba tas a gaban manaja. Mama ke nan, Yaya! Mu da aka ce mana a wurin aiki suka haɗu. Shekara arba'in da wani abu tana rufa masa asiri, yana cika mana baki bai taɓa kuskure ba, tana gefe tana murza zare tana murmushi.

Jiya da la'asar na rufe shago da wuri. Na sauke labulen falo, na matso da kujerarsa dab da allo ta yadda zai faɗo a gefen idonsa na dama. Na fara fim ɗin daga minti na ashirin. Faya-fayan zamani an goge musu ɗigon kusurwa, don haka na liƙa farin maɓalli a kan tsinken saƙa na tsaya a bayan talabijin. Awa ɗayarsa ta cika, ban tsayar ba, likita ya yi haƙuri. Da dodon ya shige teku rubutu ya fara fitowa, na ɗaga maɓallin a kusurwar sama. Hannun Baba ya zabura da kansa, ya kama iska a gefensa inda makunnin yake a da. Ni kuma na danna na mayar da fim ɗin farko.

Gari ya tashi. Gada tana tsaye, jirgin ƙasa yana wucewa a kai. Matar ta fito da kwando a ka, ta fara shanya. Baba ya karkata kai yana bin ta da ɗan gefen idon da ya rage masa, hawaye yana bin gemunsa. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, ai ya gaya mini tana dawowa. Ban ce masa na san labarin gwangwani ba, kai ma kada ka kuskura ka faɗa.

Don haka ka gyara jerinka. Na ashirin da shida shi ne na ɗaya, amma sai an kalle shi a karkace.

Da safen nan na tsaya a gabansa da shayi, ya tambaya ko waye. Sai da na matsa gefe ya kira sunana. Likita ya ce wata biyu zuwa uku, ɗaya ya riga ya tafi wajen neman kwaɗo. Kada ka sake aiko da kwali, kada ka aiko da jeri. Ka zo. In ka shigo falon kada ka durƙusa a gabansa yadda ka saba, ba zai gan ka ba. Ka tsaya ta hannun damansa, ka ɗan ɗaga kai sama, wajen kusurwa. Nan ne yake kallo har yanzu.

Ina gaida Anti da yara. Na gyara maka ɗakinka.

Ƙanwarka da ke jiran ka,
Auta